Ƙwayar da ta raba likitoci gida biyu

Tun daga binciken Framingham, wanda aka soma a Amurka a 1948 da mutum 5,209, likitoci suka lura cewa ciwon zuciya yakan riski mata kimanin shekara goma bayan maza, kuma yana ƙaruwa idan haila ta ɗauke. Zato ya tafi kan istrojin, sinadarin da ke raguwa a jikin mace a wannan lokaci. To, idan an mayar mata da shi a ƙwaya fa?

Binciken ma'aikatan jinya na Harvard, da ke bibiyar mata fiye da 120,000 tun 1976, ya ƙarfafa zaton. A 1991 ya nuna haɗarin masu shan ƙwayar kusan rabin na sauran ne. Likitoci suka yi ta rubuta ta.

Sai sakamakon wani gwaji mai suna WHI ya zo a 2002. Mata 16,608 aka raba da ƙuri'a: wasu istrojin haɗe da wani sinadari, firojestin, wasu ƙwayar da babu magani a cikinta. Ciwon zuciya ya ƙaru da kashi 29 cikin 100 ga masu maganin. Wane ne ya yi kuskure?

Da farko an ce masu sha da son ransu dama sun fi kula da lafiyarsu. Akwai ƙamshin gaskiya, amma bai cike giɓin ba. Aka duba shekaru: matsakaicin shekarun matan gwajin 63 ne, galibinsu sun daɗe da barin haila.

Bakin zaren ya fito a 2008, da wani mai bincike, Miguel Hernán, da abokan aikinsa suka tambayi yaushe aka fara ƙirga. Tsohon lissafin binciken ma'aikatan jinya ya kwatanta matan da ke kan ƙwayar, wasunsu shekara da shekaru, da waɗanda ba su taɓa sha ba. Wadda zuciyarta ta buga tun farko, ta daina sha, ta zame daga rukunin, aka bar waɗanda jikinsu ya jure. A ganina nan ne aka fi yin sakaci. Da suka sake lissafi daga ranar fara sha, da bayanan ma'aikatan jinyar nan dai, haɗarin ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100 a shekara biyun farko, daidai da alkiblar WHI.

Yau ba a rubuta wannan ƙwaya don rigakafin ciwon zuciya.