Ƙawa daban, aminiya daban

A Abu Hujar da sauran ƙauyukan Hausawa na bakin kogin Nilu a jihar Sinnar ta Sudan, mace kan wuni tana sauya harshe: Larabci a kasuwa, Hausa a tsakar gida. A Larabcin Sudan, duk wadda kike shiri da ita "sahbati" ce. Hausa ba ta yi musu kuɗin goro haka ba. Akwai ƙawa, akwai aminiya.

Ƙawa ita ce wadda kuka taso tare, kuka je ɗibar ruwa, ta zauna gefenki ranar lalle. A littafin Baba of Karo na 1954, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwar ƙasar Zazzau, ƙawance abu ne da ake ƙullawa da musayar kyauta, ana raya shi da ramuwar biki. Mace na iya tara ƙawaye rututu.

Aminiya kuwa da wuya ta wuce ɗaya. Tushenta ɗaya da amana. In Balarabe ya ce "amin", mai gaskiya yake nufi ko ma'aji, shi ya sa mai riƙe kuɗin ƙungiya ake ce masa "aminus sanduƙ". Bahaushe ne ya shigar da kalmar har ƙuryar ɗaki. Aminiya ake bai wa ajiyar 'yan kunnen zinariya a ƙulle cikin ƙyalle, ba shaida ba takarda. Ita ke fara jin labarin ƙaramin ciki tun uwar miji ba ta ankara ba. In an yi yaji ta san ainihin dalili, amma ko an tsare ta da tambaya, "Allah ya kyauta" kawai za ta ce. Adashe ma, wanda a Sudan ake kira sanduƙ, a hannun irinta ake zuba shi.

Nauyin kalmar ya ƙaru a ƙasar baƙunta. Waɗanda suka baro gida bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno a Sudan, da maniyyatan da suka yi zango a hanyar Makka suka zauna, sun bar dangi a nesa. Macen da ba ta da inna ko goggo kusa, aminiya ke tsaya mata a wankan jego da zaman makoki.

Yanzu a WhatsApp sai ka ga yarinya ta yi wa wadda ta sani jiya-jiya kirari da "aminiyata". A ganina ƙawa ta isa wannan, don ko ita ba ƙaramin suna ba ce.