Injin da Ke Tsayar da Kansa: Yadda Kwamfuta Ke Tafiyar da Masana'antun Zamani

Duk wanda ya taɓa ganin hoton cikin wata babbar masana'antar ƙera motoci ta wannan zamani, abin da zai fara ɗauke masa hankali shi ne ƙarancin mutane. Hannuwan ƙarfe ne jere reras hagu da dama, suna sunkuyawa suna ɗagowa, tartsatsin walda yana tashi, gangar jikin mota tana wucewa ɗaya bayan ɗaya, amma sai ka duba da kyau kafin ka hango ma'aikaci guda. Babu mamaki idan magidanci ya ga haka ya tambayi kansa: to, in inji ne zai yi komai, wane aiki ya rage wa ƴaƴanmu? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba za a iya amsa ta ba sai an fahimci yadda waɗannan injuna suke aiki, da abin da suke iyawa, da kuma inda iyawarsu ta tsaya.

Daga masaƙa aka faro

Wannan ilimi a ɗakin saƙa aka haife shi, tun kafin a san mota ko kwamfuta. A birnin Liyon na ƙasar Faransa, saƙa zanen alharini mai ado yakan buƙaci mutum biyu: masaƙi, da yaron da ke jan igiyoyi domin ɗaga zaren tsaye bisa ga adon da ake so. A shekarar 1804 Joseph Marie Jacquard ya fito da masaƙa mai aiki da jerin katuna masu huda. Inda akwai huda allura takan wuce, zare ya ɗaga. Inda babu huda, zaren ya zauna a wurinsa. Idan ana son wani ado dabam, sai a canza katunan kawai, masaƙar tana nan yadda take. Wannan ita ce dabara ta farko: a rubuta wa inji umarni a wani abu na dabam wanda za a iya sauyawa.

Dabara ta biyu daga ƙasar Japan ta fito. Sakichi Toyoda, ɗan kafinta ne wanda ya tashi yana ganin mahaifiyarsa tana saƙa, ya lura cewa babbar ɓarnar masaƙa mai inji ita ce idan zare ɗaya ya tsinke, injin bai sani ba, zai ci gaba da saƙa yadi mai aibi har sai wani ya gani. Saboda haka ya rataya wa kowane zaren tsaye ɗan siririn ƙarfe. Da zarar zaren ya tsinke, ƙarfen ya faɗi, masaƙar ta tsaya cak. A shekarar 1924 ya kammala masaƙarsa mafi shahara, wadda har ƙoshiya take canza wa kanta ba tare da ta tsaya ba. Da wannan sai ma'aikaci ɗaya ya iya kula da masaƙu masu yawa, domin ba sai ya zuba wa kowace ido ba. A 1929 kamfanin Platt Brothers na Ingila ya sayi izinin ƙera ta a kan fam dubu 100, kuma ɗansa Kiichiro shi ne ya kafa kamfanin motoci na Toyota a 1937.

Awo, kwatantawa, gyara

Domin mu gane abin da kwamfuta take yi a masana'anta, mu dubi uwargida a bakin murhu. Takan ɗanɗana miya, ta kwatanta abin da harshenta ya ji da ɗanɗanon da take so, in gishiri bai ji ba ta ƙara, sannan ta sake ɗanɗanawa. Wannan zagaye na awo da kwatantawa da gyara shi ne ginshiƙin duk wani inji mai sarrafa kansa. Dutsen guga na lantarki ma haka yake yi: in ya yi zafi ya kai iyaka ya kashe kansa, in ya huce ya sake kamawa.

A masana'anta, na'urorin awo su ne a matsayin harshe da ido: wasu suna auna zafi, wasu nauyi, wasu ƙarfin iska ko na ruwa a cikin bututu, wasu kuwa kyamarori ne masu duba kaya. Duk abin da suka auna sukan aika shi ta waya zuwa wani akwati, wanda shi ne yake kwatantawa ya yanke hukunci, sannan ya umarci moto ya juya ko famfo ya rufe. Ɗauki misalin wurin cika kwalaben lemo. Na'ura ta ga kwalba ta iso, akwatin ya buɗe famfo, ma'auni ya nuna ta cika, akwatin ya rufe. In kyamara ta ga murfi ya karkace, sai wani ɗan hannu ya ture kwalbar gefe. Akwatin yana maimaita wannan zagaye sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, dare da rana.

Wannan akwati, wanda ma'aikata a ƙasashe masu amfani da Faransanci suke kira otomat, yana da tarihinsa. Kafin zuwansa, ana sarrafa injuna ne da manyan kabad-kabad cike da ɗaruruwan makunnan lantarki da wayoyi, ta yadda duk lokacin da aka sauya samfurin mota sai masu aikin lantarki sun kwance wayoyin sun sake ɗaurawa, aikin da ke cin lokaci da dukiya. A 1968 wani reshe na kamfanin General Motors a Amurka ya nemi a ƙera masa abin da zai maye gurbinsu. Injiniya Dick Morley da abokan aikinsa suka fito da Modicon 084, ƙaramar kwamfuta mai jure ƙura da zafi da girgiza, wadda ake sauya mata aiki ta hanyar sauya umarnin da ke cikinta. Dabarar Jacquard ce ta dawo cikin sabuwar riga. A manyan wurare kamar matatun mai da masana'antun siminti, ana haɗa bayanan irin waɗannan na'urori zuwa ɗaki guda, inda mutane ƙalilan suke zaune gaban alluna suna ganin halin kowane bututu da kowace tukunya.

Hannuwan ƙarfe

A 1913 Henry Ford ya kafa layin haɗa mota mai tafiya, inda ma'aikaci yake tsaye wuri ɗaya aikin yana zuwa ya same shi. Lokacin haɗa mota ya sauko daga sa'o'i fiye da 12 zuwa kimanin sa'a ɗaya da rabi. Sai dai ya yanka aikin gunduwa-gunduwa, har ya zama mutum yana wuni yana ɗaure ƙusa iri ɗaya. To, aikin da aka mayar maimaici zalla, shi ne mafi sauƙin miƙa wa inji.

A 1952 masana a jami'ar MIT suka nuna injin sassaƙa ƙarfe mai karɓar umarni daga tef mai huda, wanda shi ne kakan injunan da a yau suke yanka ƙarfe bisa zanen da aka yi a kwamfuta, daidai wa daida har abin da bai kai kaurin gashin kai ba. A 1961 kuma mutum-mutumin masana'anta na farko, mai suna Unimate, ya fara aiki a wata masana'antar General Motors a jihar New Jersey. Bai yi kama da mutum ba ko kaɗan, hannu ɗaya ne tak na ƙarfe, kuma aikinsa shi ne ɗauko ƙarafa masu zafi daga injin zubi, aikin da ke ƙona mutane yana shaƙe su da hayaƙi.

Ƙididdigar ƙungiyar duniya ta masu wannan sana'a ta nuna cewa a 2023 akwai irin waɗannan hannuwa fiye da miliyan 4 suna aiki a masana'antun duniya. A shekarar kaɗai an girka sababbi sama da dubu 500, kimanin rabinsu a ƙasar Sin, yayin da Koriya ta Kudu take da fiye da 1,000 ga kowane ma'aikata 10,000. Walda da fenti su ne suka fi komawa hannunsu, domin jikin mota ɗaya yana da dubban ɗigon walda waɗanda dole kowane ya faɗa a mazauninsa. Amma a ƙarshen layi, wurin shimfiɗa wayoyi masu lanƙwasa da liƙa roba da gyara abin da bai zauna daidai ba, har yanzu yatsun ɗan Adam ne suka fi yawa.

Darasin Fremont

Akwai wata masana'anta a garin Fremont na jihar Kaliforniya wadda ta koya wa duniya darasi har sau biyu. General Motors ta rufe ta a 1982, bayan ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da motoci masu aibi. A wannan zamani shugaban kamfanin, Roger Smith, ya yi imani cewa maganin matsalar shi ne a rage mutane a ƙara injuna, ya kuwa kashe biliyoyin daloli a kan haka. Da aka buɗe sabuwar masana'antarsu ta Hamtramck a 1985, sai aka riƙa ba da labarin hannuwan ƙarfe suna fesa wa juna fenti maimakon mota, layi yana tsayawa a kai a kai.

Ita kuwa ta Fremont, an sake buɗe ta a 1984 bisa haɗin gwiwa da Toyota, aka dawo da mafi yawan tsofaffin ma'aikatan nan da ake kuka da su, aka tura ɗaruruwansu Japan koyon aiki, ba tare da an cika wurin da sababbin injuna ba. Abin da aka ba su shi ne gadon Sakichi Toyoda: igiya a saman layi, wadda kowane ma'aikaci yake da ikon ja idan ya ga aibi, shugabansa ya zo a gyara nan take, in bai gyaru ba layin ya tsaya. Cikin ɗan lokaci motocin Fremont suka shiga sahun gaba wajen inganci a duk masana'antun General Motors.

Bayan an rufe wannan haɗin gwiwa a 2010, kamfanin Tesla ya sayi ginin. A 2018, da ya kasa fitar da adadin motocin da ya yi alkawari, shugabansa Elon Musk ya fito fili ya amince cewa sun wuce gona da iri wajen dogaro da injuna, kuma sun raina amfanin mutane. Abin lura shi ne, inji yana aiwatar da abin da aka tsara masa ne kawai. In tsarin mai kyau ne zai maimaita alheri sau dubu, in kuwa gurɓatacce ne zai maimaita ɓarna sau dubu, da sauri kuma.

Inda haɗarin yake

Hannun ƙarfe bai san bambancin ƙarfe da ƙashin mutum ba. A 1979 wani ma'aikaci ya rasa ransa a wata masana'antar Ford a jihar Michigan bayan irin wannan hannu ya buge shi. Shi ya sa ake kewaye manyansu da shinge, ana sanya na'urar da ke tsayar da su da zarar mutum ya ƙetare iyaka.

Haɗari na biyu ya zo ne tare da haɗa injuna da intanet. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai kulle kwamfutoci ta tilasta wa kamfanin Renault dakatar da aiki a wasu masana'antunsa na Faransa. A watan Maris na 2019 makamanciyarta ta faɗa wa Norsk Hydro, kamfanin sanholo na ƙasar Norway, har wasu sassansa suka koma aiki da hannu da takarda. A irin wannan rana, wanda ya san aikin tun daga tushe shi ne ya fi kowa daraja. Da ma Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ya rage wa ɗan Adam

Gaskiyar da ba za a ɓoye ba ita ce, ayyuka da yawa sun tafi kuma ba za su dawo ba, musamman na ɗauka da ajiyewa da maimaita abu guda. Wanda ba shi da abin sayarwa sai ƙarfin damtse, kasuwarsa a masana'anta tana raguwa. Amma kowane inji yana buƙatar wanda zai girka shi, da mai rubuta masa umarni, da mai daidaita ma'aunansa, da mai gano dalilin tsayawarsa. Masaƙar Toyoda ta iya tsayawa idan zare ya tsinke, sai dai ba ita ke ɗaura zaren ba, kuma ba ita ke binciken abin da ya sa yake yawan tsinkewa ba.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin irin waɗannan na'urori sun riga sun iso ƙasashenmu. Matatar mai ta Damagaram da aka buɗe a 2011, da masana'antun siminti da na lemo, har da ɗan injin ɗura ruwan leda na cikin unguwa, duk a kan wannan ƙa'ida ta awo da gyara suke tafiya. Idan suka tsaya babu ɗan gida da ya san kansu, dole a jira masani daga waje, a biya shi da tsada, ma'aikata kuwa suna zaune.

Saboda haka, ya ku iyaye, kada mu ɗauki makarantar koyon sana'a a matsayin mafakar yaron da ya kasa karatu. Yaron da yake koyon gyaran lantarki ko na inji a wurin maigidansa, a taimaka masa ya riƙe karatu da lissafi, domin injin yau da rubutu da lambobi yake faɗin ciwonsa, kuma wanda bai iya karanta allon ba sai dai ya tsaya kallo. Ƴaƴa mata ma suna da rabo a nan, tunda aikin ya fi neman natsuwa da lura fiye da ƙarfin jiki. A kuma tarbiyyantar da su a kan halin mai jan igiyar nan ta Fremont, wato in sun ga aibi su faɗa, kada su rufe shi don gudun faɗan maigida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba su sana'a mai amfani, amin.