Farfaɗo Da Tsofaffin Makarantu: Darasin Katsina Ga 'Yan Kasuwar Bauchi

BAUCHI: A shekarar 1928 ne Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bar Bauchi zuwa Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922. Da ya kammala a 1933, sai ya komo gida ya koyar a Makarantar Midil ta Bauchi, inda Malam Aminu Kano ma ya yi malanta daga baya. Kwalejin ta ƙaura zuwa Kaduna a 1938, amma ginin ƙasar da ta bari bai salwanta ba. An sanya shi cikin kayayyakin tarihi na ƙasa a 1959, yau kuwa gidan adana kayan tarihi ne da baƙi ke ziyarta.

Ba kowace tsohuwar makaranta ce ta yi wannan dace ba. Da yawa daga cikin waɗanda aka gina da tubali da azara an yi ta sauya musu kama, aka shafe bangon da siminti, aka ɗora rufin kwano, aka toshe wasu tagogi. Siminti kuwa yakan riƙe danshi a cikin bangon ƙasa har ya zaizaye daga ciki. Saboda haka mai niyyar mayar da ginin yadda yake tun asali sai ya fara kashe kuɗi wajen ɓamɓare ƙarin da aka yi.

Sauran aikin na cikin gida ne. Ƙasa da ciyawa da makuba da laso duk ba sa buƙatar kuɗin ƙasashen waje, don haka faɗuwar darajar Naira ba ta shafe su kai tsaye ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙwararrun magina da kuma azara mai kyau, domin giginya takan daɗe kafin ta isa sara. Bugu da ƙari, ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai, wato aiki ne da ba ya yankewa ga ɗan kwangilar da ya horar da ma'aikatansa.

Bauchi tana da kabarin Tafawa Ɓalewa, kuma ta nan masu zuwa Yankari suke bi. Idan aka haɗa musu da tsohuwar makaranta da aka gyara, baƙon da ya ƙara kwana ɗaya zai biya masauki da mota da abinci, kuɗin kuma a garin za su tsaya.