Sauro da Ƙuduji: Wa Ya Fi Iya Sansano?

A watannin damina, ana idar da sallar magariba a Nassarawa GRA ta Kano masu gadi ke fara dukan ƙafafunsu da mafici. Unguwa ce mai inuwa, ga darbejiya ga maɗaci, ga kuma lambatun da ruwa ke kwanciya a ciki, don haka sauro ba ya tsallake gidan kowa. Babu mai musun cewa sauro yana jin mutum. Amma ka ce tsiro ma yana jin abin da ke kusa da shi, sai a dube ka. Shi ya sa nake so in jera sauro da ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ciyawar nan mai kyan fure da ke kashe dawa da gero. Dukansu a jikin wani suke ci, kuma kowanne sai ya sansano wanda zai ci kafin ya kai gare shi.

Na sauro ba boyayye ba ne. Macen ce ke cizo, saboda tana bukatar jini don ƙwayayenta su ƙosa. Tun daga nesa take jin iskar kabon da muke fitarwa in mun numfasa, sai ta bi ta har inda take fitowa. In ta matso, warin gumi da na ƙafa ne ke jan ta, daga ƙarshe ɗumin jiki ya nuna mata inda za ta sauka. Duk wannan jijiyoyi ne da 'yar ƙwaƙwalwa ke haɗa shi cikin ƙiftawar ido. Ka kai mata duka ta kauce, ta kewayo ta bayan kunne. In ta rasa ka, ga na kusa da kai.

Ƙuduji ba shi da wannan gatan ko kaɗan. Ƙwayar irinsa ƙarama ce ƙwarai, sai ka ɗauka ƙura ce, kuma tushe ɗaya kan zubar da dubun dubatansu. Guzurin da ke cikin kowace ƙwaya na 'yan kwanaki ne. In ta tsiro babu saiwar dawa dab da ita, mutuwa ce, ba komawa. Don haka sai ta kwanta a ƙasa ta jira, wani lokaci fiye da shekara 10. Ruwan sama kaɗai ba ya tayar da ita. Sai ta sha danshi da ɗumi na kamar mako ɗaya zuwa biyu, sannan ta soma sauraron wani sinadari da saiwar shuka ke tsattsafarwa a ƙasa. A 1966 masana suka fara tace irinsa daga saiwar auduga, suka sa masa suna sitirigol. In ƙwayar ta ji shi, ko da ɗan mitsitsi ne, sai ta fasa. Bayan nan ma akwai alama ta biyu daga jikin saiwar, wadda ke sa ta fitar da ɗan bakin da za ta huda ta maƙale. Makonni take yi a ƙarƙashin ƙasa tana zuƙar ruwa da abinci. Kafin manomi ya ga fure, dawarsa ta riga ta tsumbure.

Wani ɓangaren labarin yana ba ni tausayin dawa. Ba don ƙuduji take fitar da sinadarin ba. A 2005 masana a Japan suka nuna cewa kira ne ga wasu ƙananan halittu dangin naman kaza da ke zaune a ƙasa, waɗanda ke taya saiwa samo abinci. Kuma in ƙasa ta gaji, musamman in sinadarin fosfaras ya yi ƙaranci, shuka takan ƙara yawan kiran. Ƙuduji ɓarawo ne da ya laɓe yana jin sallamar da ake yi wa maƙwabci. Manoman Kano sun daɗe da sanin cewa gonar da ta sha takin gida ba ta cika yin wuta-wuta ba, kuma gonar da aka gaji da nomanta ita ce gidansa. Ga dalilin abin da suka gani da idonsu.

To, wa ya fi? In sauri ake nema, babu gasa. Saƙo a jijiyar dabba yana iya gudun mita 100 a daƙiƙa ɗaya, shi kuwa tsiro yawanci amsarsa ta sa'o'i ce ko kwanaki, domin da girma yake amsawa, ba da tafiya ba. Amma ni a ganina ƙuduji ya fi gwaninta, don kuskurensa ɗaya ne tak. Sauro yana da damar ya ɓata ya gyara sau nawa ya so. Ƙwayar ƙuduji babu ido, babu jijiya, babu ƙwaƙwalwa, amma sai ta tabbatar damina ta zauna, ta tabbatar akwai saiwa kusa, sannan ta tabbatar ta taɓa ta. Tantancewa uku kafin motsi ɗaya. Wanda ya ce tsiro ba ya ji, gudu yake jira ya gani.

Ta wannan jin nasu ake kama su duka biyun. Gidan sauro mai magani ba ya ɓoye numfashin mai barci. Numfashin ne ke jawo sauron ya sauka a kan ragar ya kwashi guba, kuma a ƙasarmu da ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na zazzaɓin cizon sauro na duniya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi kuma ƙuduji yaudararsa ake yi. Auduga da waken soya suna fitar da sinadarin da ke tayar da ƙwayar, amma ƙudujin dawa ba ya iya rayuwa a saiwarsu, sai ya tsiro ya mutu da yunwa. Akwai kuma wani jinsin ƙuduji da ke kama wake. A tashar binciken noma ta IITA da ke kan titin Sabo Bakin Zuwo a nan Kano an yi shekaru ana barbarar wake da wani iri da aka samo daga Botswana, har aka sami wanda ƙuduji ke kasa shiga saiwarsa. Cikinsu akwai wanda aka fitar wa manoma tare da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, da sunan SAMPEA 10.

Sai dai gidan sauro daren da ka ɗaura shi yake fara aiki. Gonar da ƙuduji ya cika kuwa sai an jera damina da dama ana canza shuka, ana zuba taki, ana kuma tuge shi a ƙone tun bai zubar da iri ba.