Harami: Dokokin da maniyyatan Sakkwato ke tuntuɓe da su tun daga miƙati

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ke kwance a Hubbare da ke cikin birnin Sakkwato tun 1817, bai samu zuwa Makka ba. Ya yi niyyar bin malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umar daga Agadas, amma malamin ya mayar da shi gida saboda bai nemi izinin mahaifinsa ba. Ƙanensa Abdullahi ma ya kama hanyar gabas, ya tsaya a Kano, ya juyo.

Tafiyar da a zamaninsu kan ci shekaru, yau sa'o'i kaɗan ce daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III. Sai dai kujerar Hajjin 2025 ta haura Naira miliyan 8, kuma kuskure ɗaya cikin harami na iya jawo wa alhaji yanka, ko ma ya rushe aikin baki ɗaya.

Da yawa na ɗauka harami shi ne fararen mayafan nan biyu. A fiƙihu kuwa niyyar shiga Hajji ko Umara ce, kuma daga lokacin da aka ƙulla ta dokokin ke hawa kan mutum.

A ina ake ɗauka?

A 'yan shekarun nan akasarin alhazan Najeriya Madina ake fara kai su, don haka miƙatinsu Zul-Hulaifa ne, wurin da aka fi sani da Abyar Ali. Nan abin da sauƙi: mota za ta tsaya, a yi sallah, a ɗauki niyya, a fara Talbiyya.

Matsalar tana ga wanda jirginsa zai sauka Jidda kuma Makka ya nufa kai-tsaye, musamman masu Umarar azumi. Akasarin malamai na ganin a sama zai yi niyya idan jirgi ya zo saitin miƙati, shi ya sa ake so ya sa mayafansa tun kafin ya hau. Wanda ya wuce bai yi ba, ko dai ya koma miƙati kafin ya ƙulla niyya, ko hadaya ta hau kansa.

Hula, zobe da turare

Basakkwacen da ya saba ba ya fita ƙofar gida kai ba hula, nan ne jarabawarsa. A mazhabar Malikiyya, wadda Risala da Mukhtasar suka raini almajiran zaurukan Sakkwato a kanta, haramin namiji yana kansa da fuskarsa, na mace kuma fuskarta da tafukan hannunta. Namiji ba ya sa riga, wando ko safa. Malikawa sun ƙara da duk abin da ya kewaye gaɓa, har zobe, alhali wasu mazhabobin sun yi rangwame a kansa. Wannan saɓanin ne ke haddasa gardama a tantunan Mina, inda kowa ke kafa hujja da malamin bitarsa. Ɗamarar ajiye guzuri kam an yarda da ita, idan an ɗaura ta a kan fata.

Mace tana sa tufafinta na yau da kullum, ba dole sai farare ba, amma ban da safar hannu da niƙabi. Tana iya sako mayafi a fuskarta don suturta daga maza.

Turare ya haramta ga kowa, kuma ba na kwalba kaɗai ba: sabulu da man shafawa masu ƙamshi su ne ke kama mutane a masauki. Haka aski, yanke farce, farauta da ɗaurin aure.

Fidiya zaɓi ce cikin uku: azumin kwana 3, ciyar da miskinai 6 mudun Annabi bibbiyu, ko yanka akuya ko tunkiya. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne a Malikiyya mantuwa da rashin sani na ɗauke zunubi ne kawai, ba fidiya ba. Amma wanda ya ɗora hula ya cire nan take, bai amfana da ita ba, babu komai a kansa.

Wanda fidiya ba ta gyarawa

Saduwa da iyali kafin tsayuwar Arfa tana ɓata Hajji. Duk da haka mutum zai ci gaba da aikin har ƙarshe, ya rama a shekara mai zuwa, ya kuma yi hadaya. Da tsadar kujera a yanzu, wannan ba ƙaramin hukunci ba ne.

Masu Tamattu'i sukan ajiye harami bayan Umara, su sake ɗauka daga masaukinsu na Makka ranar 8 ga Zulhajji. Ranar Sallah, bayan jifan Jamratul Aƙaba da aski, alhaji na iya komawa rigarsa da hularsa. Iyali kuwa sai bayan Ɗawafin Ifada.