YARIMA DA AMARYA: Yadda hawan sallah da fim ke raba wa yaran Gumel matsayi

DUK wanda ya taɓa yin sallah a Gumel ya san tun kafin a fito da dawaki an gama raba wa yara aiki. Ranar jajibere 'yan mata suna wurin kitso da ƙunshi, maza suna ta zarya shagon tela. Gari na wayewa sai ka ga yaro ɗan shekara shida an naɗa masa rawani, an rataya masa takobi, an ɗora shi kan doki cikin tawagar hakiman da suka zo daga Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar don gaida Mai Martaba Sarki. Ƙanwarsa kuwa tana bakin hanya da sabuwar atamfa tana kallo, ko an ɗora mata kwanon tuwon sallah ta kai gidan gwaggo.

Babu wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani, amma karatun ya shiga: hawa nasa ne, kwalliya tata ce. Haka abin yake a dandali. Maza na langa, mata na gaɗa. In 'yan mata suka tashi bikin 'yar tsana, ba abin da suke bari: lefe, kamu, jeren ɗaki da murafun kwalba, har kukan kai amarya.

To, mai karatu zai ce ina ruwan fim a nan? Ai fim ya zama malami na uku bayan gida da makaranta. Waɗanda suka yi ƙuruciya zamanin kaset ba za su manta da 'Sangaya' ba, wanda kamfanin Sarauniya ya fitar a 1999, inda Ali Nuhu ya fito a yarima, Fati Mohammed kuma a Zubaina mai aikatau a gidan sarauta. Fim ne mai daɗi, ba musu. Amma duba abin da yaro ya ɗauka: shi ne mai zaɓe, ita kuma mai haƙuri har a zaɓe ta. Yau kaset ya kau, waya da tashar Arewa24 sun gaje shi, sai dai rabon bai canza sosai ba.

A wani biki da na halarta a cikin garin Gumel na gani da idona. Manya na can wurin ɗaurin aure, yara sun kewaya bayan gida suna "shutin". Wani ɗan yaro ya huda kwali ya mai da shi kyamara, shi ne darakta. Wani ya yafa zanen gado a matsayin alkyabba, shi ne ango. 'Yan mata uku suna rigima kan wadda za ta zama amarya. Can sai wata 'yar mitsitsiya ta ce ita kyamarar take so ta riƙe. Sai duk suka fashe da dariya, wai mata ba sa riƙe kyamara. Ta koma gindin bango ta zauna, ba ta sake shiga wasan ba.

Wallahi abin ya tsaya mini a rai, don da ta san gaskiya da ta mayar musu da martani. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta littattafai, ta kuma shirya fim da kanta. Rahama Sadau ce ta ɗauki nauyin 'Rariya' a 2017. A nan Gumel ma, Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa tana yaye malamai mata. Matsalar ita ce yarinyar ba ta cika ganin irinsu a allo ba. In an sa ƙaramar yarinya a fim, galibi marainiya ce da kishiyar uwa ke gana wa azaba, ko mai talla.

Ba cewa muke a hana yaro hawan doki ko a hana yarinya lalle ba; al'adarmu ce, kuma abin alfahari ce. Roƙonmu ga furodusoshi da marubuta shi ne su tuna cewa ba manya kaɗai ke kallo ba. A ba mu yarinyar da ta ci musabaƙa, ko ta zo ta ɗaya a aji. A ba mu yaron da ke taya mahaifiyarsa wanke-wanke ba tare da an mai da shi abin dariya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma 'yan fim na cikin masu tanƙwarawar, ko sun sani ko ba su sani ba.