Dishi-dishin Hoto Ba Shi Ne Ma'aunin Fim Ba

Wata ɗabi'a ta zama ruwan dare a majalisun matasa daga Sabon Birni zuwa Isa, har ƙauyukan bakin iyaka irin su Burkusuma. Sai a yanko minti ɗaya ko biyu daga wani tsohon fim, a yi ta tura shi daga waya zuwa waya, a zauna ana ƙyaƙyata dariya, wai a ga yadda mutanen da suke shirme. Daga nan sai a yanke hukunci cewa magabata ba su iya fim ba, hotonsu dishi-dishi, labarinsu jan jiki, 'yan wasansu kamar an dasa su. Hatta wasu masu tura fina-finai a memori, in dattijo ya tambayi wani tsohon wasa, amsar da yake samu ita ce wannan ai ya wuce yayi. Wannan magana ta ishi duk wanda ya san darajar aiki, domin hukunci ne da aka gina kan jahiltar abin da ake dubawa a fim tun asali.

Abubuwa uku ake auna fim da su: yadda ɗan wasa ya shiga rigar mutumin da aka ba shi, yadda darakta ya zaɓi abin da ido zai gani da lokacin da zai gan shi, da yadda aka jera labari har ƙarshensa ya fito daga cikin farkonsa. Hasken hoto ba ya cikin ukun nan. Shi aikin na'ura ne da kuɗi da kuma adana.

Mu fara da dishi-dishin da ake ta yi wa dariya. Yawancin abin da yake yawo a wayoyinmu kwafi ne na kwafi. An ɗauko shi daga kaset ɗin bidiyo wanda shi ma daga wani kaset aka juyo shi, kuma kowane juyi yana cin wani abu daga launi da sauti. Daga baya aka mayar da shi faifan CD, sannan aka matse shi domin ya shiga ƙaramin memori. Abin da ya iso hannun mai kallo ragowa ce. Hujja a kan haka tana nan a fim ɗin Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya ba da umarninsa a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan kuma ya fito a matsayin Shehun. Shekaru da dama an ɗauka ya salwanta, sai a 2016 aka gano faifansa na asali a wata ma'ajiyar fina-finai ta gwamnati. Wata cibiya a Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Turawan da suka fi mu na'urori ne suka kashe kuɗinsu a kansa, suka zauna sama da awa biyu suna kallon labarin ƙasar Hausa, mu kuma masu abin muna nan muna yi wa irinsa dariya a kan guntun da bai kai minti biyu ba. Ai wannan abin kunya ne.

Kuma a ce mutumin Gobir ne yake wannan kuskure, abin ya fi ba da mamaki. Waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da wace irin na'ura aka ɗauke su? Ana jin shuuu a bayan murya, kotso wani lokaci yana nutsewa, amma ba a taɓa jin mai hankali ya ce Narambaɗa bai iya waƙa ba saboda kaset ya tsufa. Kowa ya san ana sauraron zubin magana ne da azanci da yadda 'yan amshi suke karɓa. Adalcin da muka yi wa kunne, shi ya kamata mu yi wa ido.

Sai batun cewa 'yan wasan da ba su iya ba. A ɗauki fim ɗin Indiya na 1957, Mother India, na Mehboob Khan, wanda ya daɗe yana cika gidajen silima a Kano. Nargis, tauraruwar fim ɗin, ba ta kai shekara 30 ba lokacin, amma ta fito amarya, ta fito matar da miji ya tafi ya bari da 'ya'ya da bashin mai ba da rance da ruwa, ta fito tsohuwa. A dubi yadda tafiyarta take sauyawa daga mataki zuwa mataki, yadda kafaɗarta take sauka, yadda take jan garma da kanta bayan shanu sun tafi. A ƙarshe ta ɗaga bindiga ta harbe ɗanta Birju saboda ya sace 'yar mutane, kuma mai kallo ya yarda za ta iya, domin tun farkon fim an nuna masa macen da mutunci ya fi mata komai. Ko a koma baya ga Cali Caplin a fim ɗinsa na 1931, City Lights, wanda babu zance a cikinsa. Makauniya mai sayar da furanni ta warke da kuɗin da wani talaka ya nemo mata, tana zaton attajiri ne. Ranar da suka haɗu ba ta gane shi da ido ba, sai da ta riƙe hannunsa za ta ba shi kwabo, taɓawar ta gaya mata ko wane ne. Fuskarsa a wannan lokaci ta haɗa murna da kunya da tsoro, ba tare da kalma ɗaya ba. A gida ma haka ne. Usman Baba Pategi soja ne kafin ya zama Samanja a wasan kwaikwayo, shi ya sa tsayuwarsa da tsawarsa da Hausarsa ta bariki suka zauna daram. Ƙasimu Yero kuwa da kallo ɗaya yake sanar da kai halin mutumin da yake wakilta. Wanda ya ce waɗannan ba su iya ba, to ya faɗa mana abin da yake nufi da iyawa.

Game da jan jiki, gaskiya ne tsofaffin fina-finai ba sa gaggawa, amma akwai dalili. A wancan zamani faifan silima yana da tsada, naɗi ɗaya bai wuce kimanin minti goma ba, kuma ba a ganin abin da aka ɗauka sai an wanke. Saboda haka darakta yakan sa a maimaita fitowa sau da yawa kafin a kunna kyamara, ya san inda kowa zai tsaya da lokacin da zai motsa. Doguwar ɗauka ba tare da yanka ba gwaji ce mai wuya, domin babu inda ɗan wasa zai ɓuya. Sannan a duba ginin Shehu Umar. An buɗe da malami a tsakiyar almajiransa, suka tambaye shi asalinsa, ya fara ba da labari: makircin fadawa ya kori mijin uwarsa, aka sace shi yana yaro, wani Balarabe ya ƙetare Sahara da shi ya ilimantar da shi, uwar kuma ta fita nemansa har ita ma ta faɗa bauta. Tun daga farko mai kallo ya san yaron ya rayu ya zama shehi, don haka fargabar ta koma kan uwar: za ta gan shi ko ba za ta gan shi ba? Wannan dabara ce ta masu sanin labari. Tafiyar ayari a hamada in aka yi ta da gudu, nisan da ya raba uwa da ɗa ba zai shiga zuciyar kowa ba.

Mai ja zai ce, to duk tsohon fim ke nan mai kyau ne? A'a. Fina-finan majigi na zamanin Turawa, irin Baban Larai na shekarun 1950 da aka yi domin koyar da noman auduga, saƙon hukuma ne aka sa wa rigar labari, kuma mutanen cikinsu sau da yawa ba su wuce misalin mai jin magana da mai taurin kai ba. Fina-finan bidiyo na farko a Kano, daga Turmin Danya na 1990, 'yan wasan daɓe ne suka yi su da ƙaramar kyamara, kuma wasu fitowar tamkar dandamali ne aka ɗauka daga nesa. Ana iya faɗin wannan duka, kuma suka ce mai tushe, domin ta taɓa labari da umarni. Haka nan a cikin na yau akwai masu kyau ƙwarai. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a mayar da shekarar fitowa ko hasken hoto hujja. A maƙwabtanmu Nijar, Umaru Ganda da kayan aiki kaɗan ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, shekarar da aka fara ba da ita, da fim kan auren mace fiye da ɗaya. Alƙalan ba tsadar kyamara suka duba ba. Amma rashin gidajen kallo da sakacin hukumomi wajen adanawa su ma sun taimaka wa rainin da ake yi wa tsofaffin fina-finai.

To me ya kamata a yi? Da farko, kada ka yanke wa fim hukunci sai ka kalle shi daga farko har ƙarshe, a zaune, ba kana yi kana latsa wata waya ba. Na biyu, zaɓi fitowa ɗaya ka kashe sautin, ka gani ko za ka gane wanda yake fushi, wanda yake ƙarya, wanda yake jin tsoro. In ka gane, ɗan wasa ya yi aikinsa. Na uku, kalli wanda ake yi wa magana, ka bar mai maganar, domin gwani yana wasa ko da bakinsa a rufe, ɗan koyo kuwa jiran layinsa kawai yake yi. Na huɗu, tambayi kanka me ya sa kyamara ta matso a nan, ta ja baya a can, kuma me aka ɓoye maka da gangan. Na biyar, bayan an gama, gwada ba wani labarin a taƙaice. In ka cire wata fitowa ko wata waƙa labarin bai girgiza ba, to ciko ce, ko a tsohon fim take ko a sabo. Iyaye su zauna su kalla tare da 'ya'yansu, su bayyana musu sutura da gaisuwa da zaman fada da suke gani. Malaman Hausa a makarantun sakandare su haɗa karatun littafi da kallon fim ɗinsa inda ya samu. Masu tura fina-finai su ware wa tsofaffin ayyuka wuri, su nemi kwafi mai kyau, su daina goge su don a sami filin sababbi. Wanda yake da tsofaffin kasusuwa a akwati ya nisanta su da zafi da laima, ya nemi a juye su kafin su lalace.

Ƙasar Gobir tana da labaran da suka isa fim: Bawa Jan Gwarzo, birnin Alƙalawa da faɗuwarsa a 1808, ƙaurar da ta biyo baya har zuwa Tsibiri da Sabon Birni. Matashin da yake mafarkin ɗaukar waɗannan wata rana ba zai koyi riƙon labari daga guntayen minti ɗaya ba. Don haka kira gare ku matasa, ku daina tura abin dariya da ayyukan magabata, ku nemi cikakkensu ku kalla da idon mai koyo, sannan ku soki abin da ya cancanci suka da hujja. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinsu, ya sa mu gane.